Sito: Bankin Uwargida ne, Shagonta ne, Amma Wa Yake Kwana a Ciki?

 

Yau maganar wani ɗaki za mu yi wanda kusan kowane gida yana da shi, amma ba a kai baƙo cikinsa, wato sito. A wani gidan lungu ne a bayan kicin, a wani gareji ne da mota ta daina shiga, a wani kuma shago ne da aka kama haya a bakin layi, aka garƙame da kwaɗo. Ina so mu duba dabarun da mata ke yi da wannan ɗaki, domin wasu sun isa a kwaikwaya. Sannan mu duba abin da ke fitowa daga cikinsa ya iske mu a asibiti.

A Amurka ajiya sana'a ce mai zaman kanta. Kamfani zai gina jerin ƙananan ɗakuna kamar rumfunan kasuwa, kowanne da ƙofar ƙarfe mai naɗewa, ki biya kuɗin wata, ki sa kwaɗonki, ki tafi da makulli. Harkar ta bunƙasa tun shekarun 1960, yanzu kusan gida ɗaya cikin goma yana da irin wannan ɗaki a haya. Wasu kayan gida suke jibgewa, wasu kuma sun mayar da shi wurin motsa jiki, ko wurin gwajin kiɗa, ko rumbun kayan sayarwa. Wanda ya daina biya, gwanjon kayansa ake yi. Akwai ma shirin talbijin mai suna Storage Wars da aka fara a 2010 a kan wannan gwanjo. Amma duk 'yancin da suke ba mai haya, akwai sharaɗi guda da ba sa ɗagawa: ba a kwana a ciki. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mu kuwa ba baƙi ba ne a harkar ajiya. Kakanninmu da rumbu suka tashi. Dalar gyadar Kano, wadda aka san Alhassan Ɗantata da ita, ɗaya takan ɗauki buhu har 15,000. Dawanau gari ce guda ta sito. Ɗan Kwari kuwa rumfarsa daban, sitonsa daban. Abin da ya sauya shi ne yanzu mata ma sun shiga neman wurin ajiya na kansu. A nan Nassarawa GRA, tsofaffin gidajen da aka gina tun zamanin Turawa suna da faɗin fili, da gareji, da ɗakunan baya da muke kira bikiyu. Ki bi ta Sultan Road ko Lamido Crescent ko Alu Avenue, za ki ga gidaje da yawa sun koma makarantu da ofisoshi. Waɗanda suka rage a matsayin gidan zama kuwa, 'ya'ya sun girma sun watse, ɗakunan baya sun zama fanko, sai aka fara ba da su haya ko aro ga masu neman inda za su sa kaya.

Kayan ɗakin da ke jiran amarya

Wannan ita ce dabarar da ta fi daɗewa. Tun yarinya tana firamare uwa take fara tara kwano da tukunya, kamar yadda iyayenmu suka tara langa da samira a ƙarƙashin gado. Da hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, masu wannan ɗabi'a suka zama masu hangen nesa. Kuɗin da aka bari a asusu ya zube, setin tukwanen da aka saya bara kuwa yana nan da darajarsa. Ajiya maganin wata rana.

Sai dai ba kowane kaya ne yake jure jira ba. Tukwane, faranti, kuloli, zannuwan gado da atamfa suna daɗewa idan ba danshi. Katifa tana lotsawa ta kwashi wari. Kujera mai fatar roba tana ɓarewa da zafi ko ba a zauna a kanta ba. Gado da wadrob na katakon da aka matse daga dusa, lema kaɗan ce take kumbura su, ga gara tana jira. Kayan lantarki kuma garantinsu zai ƙare suna cikin kwali, ranar da aka kunna aka ga matsala babu wanda za a riƙe. Ki tara abin da shekara ba ta cinye shi, ki bar sauran sai an sa rana.

Akwai wani abu da nake roƙon ki. Kada ki zuba kafur, ƙwallayen nan farare masu ƙamshi, a cikin kayan da jariri zai sa. Yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadari mai kare ƙwayoyin jini, wanda likitoci ke kira G6PD. Irin wannan jariri idan ya shaƙi kafur ko ya taɓa fatarsa, jininsa na iya farfashewa, shawara mai tsanani ta kama shi har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Kayan haihuwar da aka ciro daga sito, a wanke su, a shanya a rana, a goge kafin a sa wa jinjiri.

Garejin da ya zama shago

Wata maƙwabciyata tana sayar da abaya da mayafai ta WhatsApp da Instagram. Falonta ya cika da ledoji har maigidan ya fara ƙorafi. Sai ta karɓi garejin wata dattijuwa a layinmu, ta sa aka yi wa bango ɗaya farin fenti, ta kafa madubi da fitila mai caji. A jikin bangon nan take ɗaukar hoton kaya, a gefe take naɗewa, mai kai saƙo ya zo ƙofa ya karɓa. Baƙon namiji ba ya shiga gidan aurenta, yara ba sa taɓa kayan mutane da hannun miya, dattijuwar kuma ta samu kuɗin wuta da mai taya ta hira.

Wasu kayan hayar biki suke tarawa: kujerun roba, rumfa, manyan tukwane, kulolin abinci, kayan kwalliyar wurin kamu. Sana'a ce da jarinta yake zaune, abin da take buƙata kawai wuri busasshe da littafin rubuta wanda ya ɗauka. Wasu kuma firiza biyu ko uku suke jerawa a ɗakin da aka sa wa sola, suna sayar da ƙanƙara lokacin zafi da azumi, har su karɓi ajiyar naman layya na maƙwabta a biya su. Irin tunanin ne kamfanin ColdHubs ya faɗaɗa, inda yake kafa ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a kasuwannin kayan gwari, mai tumatir ya biya kuɗin kwando na kwana ɗaya.

Adashen buhu

Wannan ita ce ta fi burge ni. Mata biyar ko shida su haɗa kuɗi da kaka, lokacin da hatsi ya sauko, a aika amintacce Dawanau ya sayo masara, gero, wake da shinkafa. A zuba a ɗaki guda, a rubuta rabon kowa. Idan azumi ya matso ko bazara ta yi tsanani, kowa ta ɗebi nata. Wadda ta ga yadda hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024 ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani.

A nan akwai iyaka da ya kamata mu sani. Tanadin abin da gida zai ci daban, ɓoye abinci don a jira talaka ya galabaita daban. A Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu manyan rumbuna a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye kayan abinci. Buhu goma na gida shida ba shi ake nufi ba, amma idan adashe ya fara rikiɗewa zuwa jiran tsada, a zauna a sake duba niyya.

Inda kaya ke fakewa idan zama ya ƙare

Ba ma son faɗa, amma yana faruwa kullum. Aure ya mutu, ko miji ya rasu, an ce a kwashe kaya. Gidan iyaye ɗaki biyu ne, ƙanne sun cika shi. Sai ki ga gado da kujerun da aka yi shekaru ana tarawa an jingine su a soro, rana da ruwa suna dukansu, daga ƙarshe a kira dillaliya ta saye su a wulaƙance. Matar da ta samu ɗakin ajiya na wata shida ta samu lokacin numfashi. Ba za ta sayar cikin kuka ba. Za ta zauna ta yi tunani: wanne za ta riƙe, wanne zai zama jari. Idan kina da ɗakin da ba kya amfani da shi, kuma kin san wata a wannan hali, kin san abin yi. Haka ma kayan mamaci kafin a raba gado: ɗaki guda, kwaɗo guda, takarda guda da magada suka sa wa hannu, ya kashe fitinar da takan raba zumunci.

Sitona na mafarki

Wannan shawara ce daga wurin aikina. Duk mako sai na ga iyalin da aka sallami majinyacinsu, aka ce su nemi keken guragu, ko sandunan dogarawa, ko kujerar bahaya, ko katifar da ke hana gyambon kwanciya. Su sayo da tsada, bayan wata uku mai jinya ya warke ko ya cika, kayan su koma sito su yi tsatsa. A layi na gaba kuma wata tana ɗaukar mahaifiyarta a baya zuwa banɗaki don ba ta da kuɗin keke.

A Ingila ƙungiyar Red Cross ta daɗe tana ba da aron keken guragu na ɗan lokaci. Me zai hana ƙungiyar matan unguwa, ko ta tsofaffin ɗalibai, ko ta islamiyya, ta ware ɗaki guda ta tattara irin waɗannan? A wanke da sabulu da ruwan bilic bayan kowane aro, a rubuta sunan mai ɗauka da ranar dawowa. Magani kam ba ya shiga wannan tsari. Ragowar maganin wani ba a ba wa wani.

Yanzu bari in sa rigar aiki

Kaya ba barci suke yi a sito ba. Zafi yana aiki a kansu, danshi yana aiki, ƙwari da ɓera suna aiki. Abin da muka kulle kuma wata rana cikin tukunyarmu zai dawo, ko cikin huhun yaranmu.

Na farko, maganin hatsi. Ƙwayar nan mai ruwan toka da ake tura wa cikin buhu, da zarar ta ji danshin iska sai ta fara fitar da wata iska mai guba, mai warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi. Iskar ba ta tsayawa a buhu. Tana bi ta ƙarƙashin ƙofa, ta silin, ta tsagar bango, ta iske masu barci a ɗakin da ke jikin siton. Alamunta amai, ciwon ciki, jiri, nauyin ƙirji da sarƙewar numfashi, kuma yara ne suke fara faɗuwa. Gubar ba ta da makari. Abin da muke iya yi a asibiti shi ne tallafa wa zuciya da numfashi muna addu'a. Wannan ƙwaya ta manyan rumbuna ce da ke nesa da gidaje, a hannun waɗanda suka koyi aikin. Ba ta gidan da ake kwana ba ce.

Haka fiya-fiya da Sniper da wasu ke yayyafa wa wake. Saboda ragowar irin wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwa. Abin da Bature ya ƙi ci, mu kuma muke dafa wa yara alala da shi. Wanda ya sha ko ya shaƙa da yawa za ki ga yawu yana dalala, gumi, gudawa, ƙirji yana kurman kuka, ƙwayar ido ta tsuke. A fitar da shi iska, a cire masa kayan jikinsa, a wanke fatar da sabulu, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. Ɗurar nan takan sa abin ya faɗa huhu, ciwo ya zama biyu.

To da me za a kare hatsin? Akwai buhun PICS, mai ninki uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka ƙirƙiro dabarar tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru, aka fara yaɗa ta a Afirka ta Yamma a 2007, kuma a nan Kano kamfanin Lela Agro yana yin sa. Ba a sa masa magani ko kaɗan. Ki zuba busasshen hatsi, ki matse iskar, ki ɗaure kowane ninki daban. Ƙwarin da ke ciki su shanye ɗan iskar da ta rage, su mutu. Sharaɗinsa kada leda ta huje, kada kuma a riƙa buɗewa kullum. Don haka ki ware na ci a wani mazubi. Jarka mai murfi mai kyau ma tana yin wannan aiki idan an cika ta taf, muddin ba a taɓa zuba mata fetur ko magani ba.

Na biyu, danshi. Gyada da masarar da ba su bushe sosai ba suna yin fumfuna, fumfunar kuma tana haifar da wata guba mai suna afulatoksin. Wuta ba ta kashe ta, ko an soya ko an dafa. A hankali take cin hanta, tana da hannu a sankarar hanta, an kuma danganta ta da tsumburewar yara. Ki tuna kunun gyada da ƙuli-ƙulin da muke yaye da su. Gwajin bushewa mai sauƙi ne: ki samu busasshiyar kwalba, ki zuba hatsin da ɗan busasshen gishiri, ki rufe ki girgiza, ki bar shi ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin yana buƙatar ƙarin rana. Buhu kuma a ɗora shi a kan katako, a bar tazara tsakaninsa da bango. Wadda ta ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ta san ƙasa ba wurin ajiye dukiya ba ce. Gyadar da ta canza launi, ta motse ko ta yi ɗaci, a zubar. Kada a ce a ba kaji, domin gubar tana cutar da su ma.

Na uku, ɓera. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno, daga fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake zuwa, kuma da rani ya fi yawa. A Janairun 2020 Kano ta rasa likitoci biyu ta dalilinsa. Mu ma'aikatan lafiya ba mu manta ba. Garin kwaki, shinkafa da duk abin da ake ci, a sa su a mazubi mai murfi. Idan kin buɗe siton da ya daɗe a rufe, ki bar ƙofa a buɗe iska ta ratsa. Kada ki share kashin ɓera a bushe ƙura ta tashi. Ki yayyafa ruwan bilic, ki rufe hanci, ki sa safar hannu, sannan ki kwashe. Kada a aiki yaro wannan aiki. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, ga ciwon maƙogwaro da kasala, a koma asibiti a faɗa musu an yi hulɗa da wurin ɓeraye. Lambar hukumar NCDC ta kyauta ita ce 6232.

Na huɗu, zafi. Ki duba kwalin yawancin magunguna, za ki ga an ce a ajiye ƙasa da digiri 30. A watan Afrilu zafin Kano yana haura 40 a inuwa, balle ɗaki mai rufin kwano da ba taga. Magani, madarar jarirai, man shafawa da kayan kwalliya duk suna lalacewa a irin wannan wuri tun kwanan watansu bai cika ba. Idan kina sarin irin waɗannan, ɗakin da kike zaune ya fi gareji. Allurar insulin ta masu ciwon suga kuwa firji take so.

Na biyar, fetur da janareto. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, wasu gidaje sun koma tara jarkoki. Fetur tururinsa ne yake kamawa, kuma a ƙasa yake kwanciya ya bi har inda wuta take. Wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 ya san yadda wuta ke yi idan ta samu kaya a cunkushe. Hayaƙin janareto kuma yana ɗauke da wata iska marar launi marar wari, wadda take sa mutum barcin da ba ya tashi. Janareto a fili yake zama, nesa da taga. Tsoron ɓarawo kada ya sa a kunna shi a sito ko a gareji.

Na shida, yara da ɓuya. Tsohon firji ko firiza, babbar adaka, motar da ta mutu aka bar ta a gareji, duk wuraren wasan ɓuya ne a idon yaro. A Disambar 2021 yara takwas suka rasu a cikin wata mota da aka ajiye a yankin Badagry na Legas. Firjin da aka daina amfani da shi a cire masa ƙofa. Mota a kulle ta, makulli a sama. Idan yaro ya ɓace, kafin a bazama titi, a fara duba waɗannan wurare.

Wa yake kwana a ciki?

Na ce za mu dawo. A gidaje da yawa, har da manya masu dogayen katanga, idan aka kawo 'yar aiki daga ƙauye, ko aka ɗauki almajiri ko mai gadi, sai a ce ai akwai wuri a sito. A shimfiɗa mata tabarma tsakanin buhun wake da jarkar mai, taga babu, ko akwai amma an toshe ta da kwali. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta kwana tana shaƙar abin da muka zuba don ya kashe ƙwari. Da safe ta tashi da ciwon kai da amai, a ce lalaci ne ko maleriya, a ba ta farasitamol.

Idan irin waɗannan yara suka iso gare mu, tambayar da nake fara yi wa wanda ya kawo su ita ce: a ina take kwana? Sau da yawa sai an yi shiru kafin a amsa.

Uwargida, ba zargin ki nake yi ba. Yawancinmu ba mu taɓa haɗa ciwon da ɗakin ba. Amma kamfanin da kuɗi kawai yake nema a Amurka ya hana mutum kwana cikin kaya, ina ga mu da aka damƙa mana amanar 'yar wani? Gwajin mai sauƙi ne. Ki shiga ɗakin da azahar, ki rufe ƙofa, ki tsaya minti biyar. Idan ba za ki iya barin autarki ta kwana a nan ba, to 'yar wata ma ba za ta kwana ba. Ko a fitar da kayan, a buɗe taga, a sa raga, ɗakin ya zama na mutum. Ko a fitar da mutum, ɗakin ya zama na kaya. Haka nan masu mayar da gareji ajin lesin ko wurin renon yara: iska ta shiga ta fita, ƙofa ta buɗu daga ciki, babu fetur, babu maganin ƙwari.

Kafin ki miƙa kuɗin haya

Ki je ki ga ɗakin da idonki, in da hali bayan an yi ruwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba lallai ya faɗa miki ba. Ki duba silin ko akwai tabon ruwa, ki duba gindin bango ko akwai hanyar gara, ki tambayi abin da aka taɓa ajiyewa a ciki da abin da ke ɗakin da ke jikinsa.

Ku yi rubutu ko da 'yar'uwarki ce: nawa ne, zuwa yaushe, wa yake da izinin buɗewa, me zai faru idan an makara da biya ko an sayar da gidan. A sa shaidu biyu. Mai gida na iya rasuwa, magada kuma ba su san alkawarin baka ba. Kwaɗo ya zama naki. Ki ɗauki hoton komai da wayarki, ki rubuta jerin kayan, ki tura wa wani amintacce kwafi. Maigida ko wani babba a gidanku ya san da wurin. Ajiyar da ba wanda ya sani, ranar da ba kya nan ta zama ta mai tsinta. Gwal, takardun fili da takardun makaranta ba sa zuwa sito.

Sannan ki yi lissafi. A ce kina biyan naira 10,000 a wata, a shekara biyu kin biya 240,000. Idan kujerun da ke ciki ba za su yi wannan kuɗi ba a yau, to su ne suke cin ki. Ki sa wa kanki ranar leƙawa duk wata, ki buɗe, ki shaƙa, ki ɗaga buhu. Abin da ya shekara biyu ba ki neme shi ba, wataƙila rabon wata ne: kayan jariran da suka yi wa naki kaɗan, littattafan da aka gama da su, keken da kaka ta bari.

Aikin wannan makon guda ɗaya ne. Ki ɗauki makulli ki buɗe sitonki, ki raba abin da ke ciki kashi uku: abin ci, abin guba, da abin da ba a buƙata. Na farko da na biyu kada su sake kwana ɗaki ɗaya, kuma kada ɗan Adam ya kwana da na biyu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Wadda take da wata dabarar ajiya da ta gwada ta ga amfaninta, musamman masu adashen buhu, ta ba mu labari 'yan'uwa su ƙaru. Sai mun haɗu a mako mai zuwa. A shafa min kan yara.